Yadda Muka Kai Birkin Motar Malam Kalgo

Sallar asuba kawai muka yi muka fita, ni da ɗana mai tuƙi da tsohon bakaniken da ya yi abota da maigidana tun suna samari. Kayanmu buhu biyu ne na ƙarafa da wili guda na mota. Wannan ce fitata ta farko daga Gwandu tun da na fita takaba. Ku da kuka yi ta aiko tambaya ko mun dawo lafiya, ga labarin. Ni ke faɗa, jikata na rubutawa, don ni ban iya alƙalami ba.

Bari in fara da abin da ya fitar da tsohuwa kamata da ƙarafa a buhu. Malam, Allah Ya jiƙansa, ya bar tsohuwar a-kori-kura wadda ta girmi yawancin 'ya'yanmu. Da ita ya yi ta kai albasa kasuwanni, da ita ya ciyar da mu. Amma a unguwa ba da albasa aka san ta ba. Duk matar da naƙuda ta yi wa tsanani, duk tsohon da ya kasa tashi, ƙofarmu ake bugawa. Sai ya shimfiɗa katifa a baya ya kai asibiti, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya faɗa a gaban 'ya'yansa cewa a bar motar ga wannan aikin bayan ransa.

Matsalar a ƙafafunta take. Wilinta, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, irin na da ne mai huji uku. Duk sun tsufa, hujin ya buɗe, an yi musu walda har an gaji, irinsu kuma sun ƙare a kasuwa. Malam ya daɗe yana shirin mayar da ita mai huji huɗu, irin wanda ake samu ko'ina. Ya sayo wili biyar har da na safaya, ya ɗaga motar a kan itace, ya kwance ƙafafun. Yana cikin haka ciwon ya zo. Haka ta zauna a ƙofar gida ba ƙafa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Babban ɗana shi ne bai yarda da gyaran ba, kuma ban ga laifinsa ba. Cewa ya yi, "Inna, wasiyyar Baba tana wuyana. Amma motar da za a ɗora mai naƙuda, in aka yi mata birkin kame-kame ta kashe ɗiyar mutane, sunan wa za a ambata? Na Baba." Har ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda ke yanka mota da wuta su auna ta a sikeli. Aka tsaya a kan cewa in an tashe ta da aikin da ya gamsu da shi kafin malamai su zauna rabon gado, za ta zauna. In ba haka ba, a sayar a yi wa Malam sadaka da kuɗin. Tun daga ranar, in na leƙa na gan ta, sai in ga kamar ana yanka ta a gabana.

Bakaniken ne ya fahimtar da ni aikin. A bayan kowace ƙafar gaba akwai faifan ƙarfe wanda birki ke matsewa in an taka, a baya kuma mai kama da kwano ne. Kowanne yana zaune a kan wani ƙarfe mai ɗauke da kusoshin da ke riƙe wili, ni dai uwar kusoshi nake ce masa. Dukansu huji uku gare su, dole a yi musu sabon huji huɗu. Wani mai walda a garinmu ya ce zai huda su da wuta kafin la'asar. Bakaniken ya ƙi. Ya ce hujin wuta da ido ake yin sa, in ya kauce ko da kaurin farce ne ƙafa za ta dinga rawa har kusoshi su karye. Ya ce akwai wani mutum a Kalgo mai injin da ke juya ƙarfe yana auna shi, can za a kai. Ɗana mai tuƙi ya ce in zauna gida su je. Na ƙi, don na san 'ya'yana. Da an ce musu ba zai yiwu ba sau ɗaya, sai su ce Allah bai nufa ba su juyo.

Ana gobe za mu tafi bakaniken ya ce a haɗa da wili ɗaya daga cikin sababbin, da shi za a ɗauki awo. Huɗu suna ƙarƙashin gadona inda Malam ya tura su, na biyar bai samu wuri ba yana zaure. Shi ya fi kusa, shi aka ce a ɗauka. Na duba na gan shi baƙi ƙirin. Na ce ba za a shiga garin mutane da ƙazanta a ce daga gidana ta fito ba. Na samu toka da yashi na dirje shi kamar tukunya, har ya yi ƙyalli. Faifan birki kuwa bakaniken ya hana ni taɓawa, don Malam ya yi musu rubutu da alli, wanne ne na dama wanne ne na hagu.

A tasha direba ya ɗaga buhu ɗaya ya dire shi da sauri, ya riƙe ƙugu. "Inna, gada za ki gina a Kalgo?" Ya ce ƙarafan nan sai sun biya kuɗin kujera kamar mutum. Bakaniken ya ce to a ba su kujerar taga su sha iska. Aka yi dariya, aka sasanta. Kuɗin mota ya hau ƙwarai. Abin da na sani ana biya zuwa Birnin Kebbi a dawo, yanzu ba ya kai mutum can.

Bazara ce, tun da safe iska da ɗumi. Muna fita gari na ga rumfunan kara cike da albasa a gefen hanya, maza na zuba ta a buhu suna ɗinkewa. Warinta ya shigo motar. Warin rigunan Malam ke nan, shekara da shekaru ina wanke su ina mita. Hawaye suka zubo mini ban shirya ba. Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Albasar bana akwai ƙarfi, Inna, ni ma idona ya kawo ruwa." Na ce mata haka ne. Na bar ta a haka.

A Kambaza muka tsaya aka sauke wasu aka ɗauki wasu. 'Yan talla suka rufe mu da ƙosai da mangwaro. Ɗana ya saya mini ƙosai mai zafi, ƙanana ne yanzu kamar goro. Wani dattijo da ya shigo ya gane bakaniken, suka gaisa, sai ya ce, "Ina motar aminin nan naka? Ita ta kai uwar 'ya'yana asibiti shekarar da muka zauna Gwandu." Da aka nuna masa ni, ya cire hula ya yi mini ta'aziyya. Ya taɓa buhun da hannu ya ce Allah Ya tashe ta. Duk motar ta ce amin, har waɗanda ba su san zancen ba.

Hanyar wani wuri sumul, wani wuri ramuka. Duk ramin da muka faɗa sai ƙarafan su yi ƙara a baya, bakaniken ya waiwaya kamar mai jariri a goye. A Birnin Kebbi muka canza mota. Garin ya cika da babura har na rasa ta ina ake tsallakawa, sai da ɗana ya riƙe mini hannu kamar yadda na riƙe nasa yana ƙarami. Daga nan zuwa Kalgo ba nisa. Idona ya huta da na hango fadama, shinkafar rani kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi. A cikin garin na ga 'yan makarantar jami'a maza da mata da jakunkuna a baya, kowa na tafiya yana kallon tafin hannunsa.

Wurin mai injin rumfar kwano ce a bayan wani gareji, ƙasan duk baƙin mai. Mutumin Zuru ne, Kirista, kansa ya yi furfura. Da bakaniken ya gaya masa ko ni wace ce, ya goge hannu ya rusuna ya ce, "Mama, ya haƙuri? Allah Ya ba shi hutawa." Ya sa aka kawo mini benci ƙarƙashin darbejiya, matarsa da ke sayar da abinci a gefe ta kawo ruwa.

Ya zazzage buhunan ya jera ƙarafan, ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk da sauran ƙarfinsu. Raina ya yi sanyi. Sai ya ɗauki wilin ya ɗaura a inji ya kunna. Ni da ban san komai ba na ga abin da ya faru. Wilin na juyawa yana lilo, yana zuwa yana komawa kamar kan mai gyangyaɗi. Ya kashe injin. Ya ɗauko ma'auni ya auna tsakanin huji da huji, ya sake aunawa, ya girgiza kai.

"Mama, ba zan huda ba," in ji shi. "Wannan wili a karkace yake. In na bi awonsa na ɓata muku faifai, kuma ba ku da wasu. In sauran huɗun ma haka suke, aikin nan babu shi."

Ɗana ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya dafe kai. Can ya ce, "Inna, wuri ɗaya Baba ya saye su. Mu koma gida kawai." Na dubi ƙarafan a jere a ƙasa, na ce a raina ashe na kawo su ne su yi bankwana. Bakaniken ne kaɗai ya ƙi. Ya dinga kewaya injin yana cewa, "Aminina ba ya sayen karkataccen ƙarfe. Mutumin da ke juya goro sau uku kafin ya biya?"

Mai injin ya sauke wilin ya kifa shi a cinya. Ya sa tsinken ƙarfe a lungun da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, inda hannuna bai kai ba, ya ƙwaƙulo wani baƙin abu. Ya murza, ya shinshina. Ya sake ƙwaƙulowa, sai ga ƙwayar shinkafa ƙonanniya a tafin hannunsa.

"Mama, wa ya yi girki a kan wilin nan?"

Sai abin ya faɗo mini. A kwanakin zaman makoki gida ya cika da baƙi, matan unguwa na dafa abinci a tsakar gida, murhu ya yi musu kaɗan. Ku kun sani, a wurinmu duk wilin da aka gani a yashe murhu ne, a cika shi da itace a ɗora babbar tukunya. Suka gan shi a zaure suka ɗauka. Wa zai gaya musu sabo ne? Ni ina ɗaki ina karɓar gaisuwa, ban sani ba. Suka gama suka mayar da shi inda yake. Wutar ce ta lanƙwasa shi, ni kuma da na ga baƙin na zaci baƙin mai ne.

Bakaniken ya tafa hannu. "Ke kuwa uwar gida! Da kin bar shi da baƙinsa, da tun a zaure na gane. Kin wanke mini shaida tas." Na ce to ai ban san toka na ɓoye laifi ba. Ya ce, "Shinkafar sadakar mijinki ta cinye masa safaya." Mai injin ya yi dariya har da tari, ni kuma ina dariya ina share hawaye.

Ɗana ya buga waya gida. Matarsa ta jawo wili ɗaya daga ƙarƙashin gado ta kai tasha, ta ba direban da zai miƙa wa wani direban a Birnin Kebbi. Sai jira. Jiran nan ya yi mini tsawo, don har lokacin ba mu da tabbacin sauran lafiyarsu ƙalau. Matar mai injin ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin ɗanye daga gulbi, ba irin busasshen da muka saba ba. Ta ce shi ma ya yi tsada, yanzu sai ta yanka ɗaya gida uku. Na ci kaɗan don kada ta ji ba daɗi. Da azahar ta yi, ita ta raka ni gidan maƙwabciyarta Musulma na yi salla, ta zauna a ƙofa tana jirana.

Rana ta karkata kafin wani mai babur ya shigo da wilin ɗaure a bayansa, da ƙurar ƙarƙashin gadona da saƙar gizo a jiki. Na ce kada wanda ya goge shi. Mai injin ya ɗaura ya kunna. Ya juya, ya juya, amma in ka dube shi kamar a tsaye yake. Bakaniken ya ce, "Na faɗa muku." Ni dai alhamdu lillahi nake ta maimaitawa.

Na ja bencina kusa don in ga aikin da idona. Mai injin ya ɗauki awon wilin, ya ɗaura faifan birki a injin, ya sa wani tsinke mai kaifi ya zana masa zobe yana juyawa. Sannan ya raba zoben huɗu. A nan ya daɗe. Ya nuna mini cewa uku da huɗu ba sa zama daidai a faifai ɗaya, duk yadda aka juya sai wani sabon huji ya matso kusa da tsoho. In ƙarfen da ke tsakaninsu ya yi siriri, wata rana zai tsage. Ya dinga matsar da alamar kaɗan kaɗan har ya samu inda kowane huji ke da isasshen ƙarfe a gefensa. Ya fara da ƙaramin abin huji, ya bi da babba, yana ɗiga mai a hankali, ƙarfen na fitowa a murɗe kamar taliya.

Kafin ya fara, ya sa bakaniken ya karanta masa rubutun allin, ya buga ɗigo da ƙusa a madadinsa, ɗaya na dama biyu na hagu. Ni ban iya karatu ba, amma na san hannun Malam, na san yadda yake jan wutsiyar harafi. Rubutunsa na ƙarshe ke nan a duniya. Man ya gangaro ya bi ta kansa ina kallo, ya shafe. Na rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mini. Sai na ji injin ya yi shiru. Mutumin nan ya kashe shi ya tsaya, har sai da na sauke mayafin na ce masa ya ci gaba.

Aikin bai ƙare ranar ba, muka kwana Dangoma gidan ɗiyar ƙanwata. Ta yi ta faɗa don ban aiko ba, ta dama mini fura da nono mai kauri irin wanda ba a sa wa ruwa ba. Da safe muka koma, muka tarar ya huda uwayen kusoshin, ya dasa sababbin kusoshi huɗu huɗu. Ya haɗa kowace ƙafa da faifanta da wilin, ya juya a gabanmu. Babu wadda ta yi rawa. Ya gaya wa ɗana ya ɗaure notin a giciye, kuma ya sake ɗaure su bayan tafiyar farko. Da za mu tafi matarsa ta cusa mini ƙullin busasshen kifi, na ce na gode, ta ce in sa su a addu'a.

A hanyar dawowa ban ji ramukan ba. Direban da ya ɗauko mu daga Birnin Kebbi shi ne na jiya, ya ga buhunan ya ce, "Inna, ba a gina gadar ba?" Na ce an gina, ita ce muka ɗauko.

Washegari bakaniken da ɗana suka ɗaura ƙafafun. Babban ɗana ya zo ya tsaya, hannu a baya. Aka sauke ta daga kan itacen, kaji suka watse suna mita. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tashi. Babban ya ce shi ma zai shiga. Aka sa ni gaba, inda ban cika zama ba ko Malam na da rai. Muka hau hanyar Kambaza, bakaniken ya ƙara wuta, ya saki sitiyari ya ɗaga hannuwa. Ta tafi miƙe. Ya taka birki da ƙarfi, ta tsaya cak, ba ta ja dama ba ba ta ja hagu ba. Babban ya ce a sake. Aka sake. Ya sauka ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana taɓawa da bayan hannu ko sun yi zafi, yana girgizawa. Ya miƙe ya ce, "Ina safaya?"

Muka dubi juna. Bakaniken ya ce, "Tambayi matan unguwarku." Da aka ba shi labari ya yi dariya har ya jingina da motar. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin mahaifinsa ya kwanta. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Sai da yamma na ji babur a ƙofar gida, na leƙa, ga shi da wili mai huji huɗu ɗaure a baya. Ya ajiye shi a motar ya ce, "Inna, wannan kada ya kwana a zaure." Ranar da malamai suka zauna, shi da bakinsa ya ce a cire motar daga cikin gado.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in na ga abu ya yi baƙi in tambayi abin da ya baƙanta shi kafin in ɗauko toka. Na kuma ga cewa ɗan da ya ce a sayar da ni da na ce a gyara, sunan mutum ɗaya muke tsarewa. Ƙonannen wilin yana tsakar gida, ya zama murhu na gaskiya, a kansa nake dafa sadakar Juma'a.

Shekaranjiya da hantsi aka buga ƙofa, ɗiyar maƙwabcinmu ce naƙuda ta tsananta. Ina ɗaki na ji ana jan katifa, na ji injin ya tashi da tarin nan nasa. Na miƙe zan ce Malam ya ɗauki hularsa, sai na tuna, na koma na zauna. Kafin azahar ɗana ya dawo ya ce an sauka lafiya, mace ce. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi wa Malam addu'a, Allah Ya kai ladan kabarinsa.